Indiya 99, Najeriya 1: Nasiha ga Masu Son "Ko Ka San?"

Muna yara babu wanda ya isa ya yi mana musun wannan labari. Wai an taɓa buga ƙwallo tsakanin Indiya da Najeriya, Indiyawa suka zura mana 99, mu muka rama ɗaya tal. Wai da zarar ɗan wasanmu ya nufi ƙwallo sai ta rikiɗe ta koma zaki, in gola ya miƙa hannu zai kama sai ya ga ta rabu bakwai, ya rasa wacce zai tare. Wai daga ƙarshe wani jarumi ya rufe ido ya shure ta bayan ta zama dutse, ta faɗa raga, shi kuma ya faɗi matacce, shi ya sa FIFA ta hana Indiya wasa har abada. A dandali muka ji shi, muka kai makaranta, ƙannenmu suka karɓa daga bakinmu. Har na shiga sakandare ban daina rantsuwa a kansa ba. Daga baya na ji cewa yaran Gana ma suna da nasu, sai dai su ƙasarsu ce aka lallasa.

Ba a taɓa buga wannan wasa ba, kuma Indiya na nan tana ƙwallonta har gobe.

Na fara da wannan ne, ƙannena da 'ya'yana, don ku san mai yi muku nasihar nan shi ma ya sha ƙanzon kurege ya ƙoshi. Bambancinmu da ku ɗaya ne. Mu labari guda mukan yi shekara muna tauna, ku kuwa kafin ku gama karin kumallo wayarku ta jero muku ashirin, kowanne da "Ko ka san?" a goshinsa, da hoto, da kiɗa a ƙarƙashi, da murya mai daɗi. Ba zan ce ku daina kallo ba. Ni kaina ina son irin waɗannan labarai, kuma wanda ba ya jin daɗin abin mamaki ban ga yadda zai yi ya so ilimi ba. Musun majalisa ma ba abin rainawa ba ne. A 1951 wani Bature, Sir Hugh Beaver, shugaban kamfanin giya na Guinness, ya fita harbi a ƙasar Ayalan, gardama ta kaure tsakaninsa da abokansa a kan wane tsuntsun farauta ya fi sauri a Turai. Suka duba littattafan da ke kusa, babu amsa. Daga wannan musu aka sa tagwaye biyu, Norris da Ross McWhirter, suka tattara littafin da ya fito a 1955, wanda yau kuke ji ana cewa wance ta shiga kundinsa da girki, wane ya shiga da rawa. Su da musu ya yi zafi sai suka tashi neman hujja. Mu da namu ya yi zafi sai mu ɗaga murya, wanda ya fi maƙogwaro shi ya ci.

Abin da ke rikita mutum shi ne gaskiya da ƙarya kaya iri ɗaya suke sawa in sun zo kasuwar mamaki. Ku saurari wannan. Ranar 27 ga Agusta, 1896, Ingila ta yi yaƙi da Zanzibar, aka fara aka gama cikin abin da bai kai minti 45 ba. Sarki Hamad ya rasu, Khalid bin Barghash ya haye gadon mulki ba da yardar Turawa ba, suka ba shi wa'adi zuwa ƙarfe tara na safe ya fita daga fada. Ya ƙi. Jiragen ruwan yaƙi suka buɗe wa fadar wuta, mutum wajen 500 na ɓangarensa suka mutu ko suka jikkata, a ɓangaren Ingila mutum ɗaya ya ji rauni, Khalid ya tsere ofishin jakadancin Jamus. In da a dandali aka ba ni wannan tare da na Indiya, aka ce in zaɓi na ƙarya, wallahi da wuya in ba wannan zan nuna ba. Amma ya faru.

Haka zancen Kiliyofatara, sarauniyar Masar. A zuciyarmu ita da masu gina dala duk 'yan unguwa ɗaya ne. Alhali babbar dalar Giza an gina ta wajen shekara 2,500 kafin a haife ta, kuma daga mutuwarta, shekara 30 kafin haihuwar Annabi Isa, zuwa saukar mutum a kan wata a 1969, shekara 2,000 ne kacal. Ke nan ta fi kusa da mu a kan waɗanda suka ɗora waɗancan duwatsu. Ita ma tsohon kayan tarihi take ganin dalar.

Ko ku dubi zakin da ke gaban Fijo, motar da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, wadda iyayenku suka sha hawa zuwa ƙauye. Kowa ya ɗauka an sa shi ne don a nuna ƙarfin mota. Zakin ya girmi motar. Gidan Peugeot tun 1810 ƙarfe suke sarrafawa a Faransa, suna ƙera zarto, daga baya injin niƙa gahawa da kekuna, kuma zakin tambarin zartonsu ne, ana nufin haƙoransa kamar na zaki suke. Nokia da kuka tarar ana kira rakani-kashi a wasu gidaje ta samo asali ne daga masana'antar sarrafa itace don yin takarda a Finlan, a 1865. Samsung a 1938 busasshen kifi da taliya take sayarwa a Koriya. Nintendo mai wasannin bidiyo tun 1889 take buga karta a birnin Kyoto, shekara 14 kafin Turawa su ci Kano. Ga masu son fim ɗin Indiya kuma, Nargis da ta fito uwa a Mother India na 1957 da Sunil Dutt da ya fito ɗanta shekara ɗaya aka haife su, 1929. Wuta ta tashi ana cikin ɗaukar fim ɗin, ya kutsa ya fito da ita, a 1958 suka yi aure. Sanjay Dutt ɗansu ne.

Duk waɗannan gaskiya ne, kuma babu wanda ya fi na Indiya da Najeriya kama da hankali in kunne kaɗai za a bar wa alƙalanci. Saboda haka daɗin labari ba awo ba ne, baƙuncinsa ma ba awo ba ne. Sai an tambayi inda ya fito.

Wata yarinya ce ta koya mini wannan, lokacin ina koyarwa. Na tsaya gaban aji da alli a hannu, na ce Babbar Ganuwar Sin ita kaɗai ce ginin ɗan Adam da ake hangowa daga duniyar wata. Na karanta a wani ɗan littafin kacici-kacici, na haddace, na faɗa wa aji ya fi biyar. Ranar nan sai wata daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya je ya gano?" Na ce mata 'yan sama-jannati, na wuce da sauri, amma tambayar ta bi ni har gida. Da na bincika sai na tarar an fara wannan zance tun kafin kowa ya bar doron ƙasa, wato an ba da shaidar gani kafin a samu mai gani. Ganuwar doguwa ce, amma faɗinta bai wuce na titi ba, kuma launinta na ƙasar da ke kewaye da ita ne. Yang Liwei, Basinen farko da ya je sararin samaniya a 2003, da ya dawo ya ce bai gan ta ba, shi da bai ma yi kusa da nisan wata ba. Washegari na koma ajin na warware maganata. Kunyar ranar ba kaɗan ba ce, amma har yau tambayar yarinyar nan nake fara yi wa kowane labari.

In kun lura, ƙaryar da ke daɗewa a duniya ba ta zuwa tsirara, tana da ɗan ƙwayar gaskiya a ciki. 'Yan ƙwallon Indiya sun buga da Faransa a wasannin Olamfik na 1948, yawancinsu babu takalmi, aka ci su 2-1. Sun sami gurbi a gasar kofin duniya ta 1950 a Brazil, hukumarsu ta janye ba su je ba. Ɗan wasan Najeriya ya taɓa faɗuwa ya mutu a fili: Samuel Okwaraji, ranar 12 ga Agusta, 1989, a Legas, ana wasa da Angola, kuma ciwon zuciya ne. Ku zuba waɗannan a tukunya ɗaya, ku ƙara da finafinan Indiya masu bokaye da macizai da muke kallo a silima, ga miyar 99 da 1 ta haɗu. Labarin Pele ma haka yake. Gaskiya ne kulob ɗinsa, Santos, ya zo Legas a farkon 1969 ana tsakiyar yaƙin basasa. Amma zancen cewa an tsagaita wuta na kwana biyu don a kalle shi, waɗanda suka bi jaridun lokacin ba su ga ɗuriyarsa ba, ga shi Legas tana nesa da fagen daga. Labarin ya yi daɗi ne kawai, ya kuma ƙara wa gwani kwarjini, sai aka bar shi yana yawo.

Wata ƙaryar kuma da mai ita. Napoleon da ake misali da shi wajen gajarta, da ya mutu a 1821 aka auna shi, ƙafa biyar da inci biyu. Sai dai awon Faransa ne, kuma incinsu ya fi na Ingila tsawo, in an juya abin ya kai wajen santimita 168, daidai da tsawon mazan ƙasarsa na lokacin, ko ya ɗan ɗara. Wanda ya gajarta shi a idon duniya abokin gaba ne: masu zanen barkwanci na Ingila, musamman James Gillray, suka riƙa zana shi ɗan tsurut cikin ƙaton takalmi yana tsalle-tsallen fushi. Yaƙinsa da Ingila ya ƙare fiye da shekara 200 da suka wuce, zanen bai mutu ba. Duk sanda aka turo muku labarin da ke ƙasƙantar da wani mutum, ko wata ƙabila, ko mabiya wani addini, ku tambayi kanku wa ke cin riba in kun yarda. Na zamanin nan ba sa bukatar iya zane, manhaja ce ke haɗa musu hoto da murya.

Amma wadda ta fi ba ni tsoro a kanku ita ce ƙaryar da ke shafa muku baya. Kun sha ji ana cewa Einstein ya faɗi lissafi a makaranta, Bill Gates ya bar karatu, ga shi sun zama abin da suka zama. Na ga yaron da ya faɗi jarrabawa ya ɗora wannan a shafinsa yana murmushi, abokai na yi masa tafi. To ku ji yadda abin yake. Einstein yana ɗan shekara 16, a 1895, ya zauna jarrabawar shiga babbar makarantar kimiyya ta Zurich, shekara biyu kafin lokacin da aka saba ɗauka. A lissafi da fiziks ya yi zarra, a sauran darussa ne makinsa bai kai ba. Bai je ya zauna a bakin titi yana cewa boko ba ta da amfani ba. Ya koma sakandare a garin Aarau ya ƙara shekara guda, a 1896 ya shiga makarantar da ta ƙi shi. Lissafin kalkulas da ke sa 'yan jami'a gumi, shi kafin ya cika 15 ya iya shi. Bill Gates kuwa Harvard ya bari a 1975, jami'ar da shigarta kaɗai sai wane da wane. Tun yana ɗan shekara 13 yake kwana a kan kwamfuta, a zamanin da manyan jami'o'i da kamfanoni ne suka fi mallakarta, ubansa babban lauya ne, kuma ya fita ne da aiki a hannu, shi da abokinsa Paul Allen. Kai da kake shirin ajiye littafi saboda an ce wane ma ya ajiye, me ke hannunka? Wa zai tare ka in ka faɗi? An yanke kan labarin da ƙafafunsa, an miƙo maka tsakiyar da za ta sa ka barci. Faɗuwa jarrabawa ba ƙarshen duniya ba ce, wannan gaskiya ne, kuma Einstein shaida ne, amma shaidarsa ita ce ya koma aji.

Sai lambobi. Ku yi hattara da lamba mai sifili da yawa. Ana yawo da cewa Mansa Musa, sarkin Mali, ya mallaki dala biliyan 400. Wa ya ƙirga? Babu dalar Amurka a zamaninsa, babu kundin baitulmalinsa da ya iso gare mu, ƙiyasin 'yan intanet ne na shekarun nan. Abin da aka sani ya ishe mu mamaki. Ya tafi aikin Hajji a 1324, ya ratsa Alƙahira yana rabon zinariya, kuma al-Umari, wanda ya bincika labarin a birnin bayan shekara 12, ya rubuta cewa miskalin zinariya da ba ya sauka ƙasa da dirhami 25 ya koma bai wuce 22 ba. Akwai kuma ɓangaren da masu "Ko ka san?" ba su cika faɗa ba: a hanyar dawowa guzuri ya ƙare, sai da sarkin ya ci bashi wurin fataken Alƙahira. Ni wannan ya fi biliyan 400 amfani a wurina. Ibn Khaldun, tun a 1377, ya yi kuka da marubuta tarihi a Muƙaddimarsa kan yadda suke kumbura adadin runduna da na dukiya, ya ce a riƙa gwada labari da abin da ƙasa za ta iya ɗauka da abin da aka saba gani a rayuwa. Minti 90 ake wasan ƙwallo. A raba da 99, a cire lokacin murna da na mayar da ƙwallo tsakiya. Da mun yi wannan ɗan lissafi a dandali, da mun fara jin warin labarin tun kafin a zo kan zaki.

Kada kuma ku ce ai a littafi yake. Kundin Guinness ɗin nan a 1974 ya rubuta cewa mawaƙiyar Indiya Lata Mangeshkar ta rera waƙa aƙalla 25,000. Mawaƙi Mohammed Rafi ya rubuta musu takardar ƙorafi, gardama ta yi tsawo, a 1991 suka cire bayanin. Littafin makaranta ma ya koya mana cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara. Ya iso bakinsa a Segu a 1796, gaskiya ne, amma ya tarar da masu kwalekwale suna ta fito da mutane, da masunta, da birni guda a gaɓar ruwa. Turawa ya gano wa. A tafiyarsa ta biyu ya wuce Yawuri, ya halaka a Busa a 1806, a ruwan da yaran garin suka san duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Nan shekarar daidai ce, sunan daidai ne, kalma ɗaya ce ta karkace, kuma ita ta ɗauki nauyin duka labarin.

Wannan taka-tsantsan ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Ku da kuka zauna gaban malaman zaure kun san isnadi. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, ko sun yi zamani ɗaya, ko sun haɗu, ko mai ruwayar yana da riƙo, ko an taɓa kama shi da ƙarya. Mutum yakan yi tafiyar watanni a kan raƙumi don ya tabbatar da magana guda. Jikokinsu ne yau ke danna "tura" kafin su kai ƙarshen saƙo, alhali binciken da zai warware musu bai fi minti biyar ba a wayar da ke hannunsu. In an ce "masana sun gano," ku ce waɗanne? In an ce "a wata ƙasa," ku ce wacce, a wace shekara? In ba ku samu ba, ku ji daɗin labarin a matsayin tatsuniya. Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa cutar kowa ba, don mai ba da su da "ga ta nan ga ta nanku" take farawa, ta kuma rufe da "ƙurunƙus," kowa ya san inda aka shiga da inda aka fita.

Wanda kuma ya tabbata gaskiya ne, kada ku tsaya a bakin ƙofarsa. Sanin cewa yaƙin Zanzibar bai kai awa ɗaya ba zai ci muku musu a wurin mai shayi, shi ke nan. Amma in kun tambayi me ya kai jiragen Ingila can, za ku tarar da yarjejeniyar 1890 da Ingila da Jamus suka raba gabashin Afirka a tsakaninsu, za ku tarar da cinikin bayi da gonakin kanumfari, daga nan kuma ba nisa za ku fahimci abin da ya zo Kano da Sakkwato a 1903, shekara bakwai kacal bayan wancan yaƙi.

Kuma ku daina zaton abin mamaki sai a ƙasar wasu. Wani yaro Bahaushe, Dorugu, daga ƙasar Damagaram, an kama shi bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya ƙetare Sahara har London a 1855. A can ya ba wani mai nazarin harshe, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, aka rubuta, aka buga. Yaro ɗan ƙasarku ya kalli Turawa a gidansu ya faɗi yadda ya gan su, shekaru da dama kafin su zo su mulki iyayensa. Sunan Kannywood ma da kuke ji kamar kwaikwayon Nollywood ne, ya riga shi fitowa: a mujallar Tauraruwa ta Kano aka fara buga shi a 1999, Nollywood sai a 2002. Nawa ne a cikinku suka taɓa ganin waɗannan a "Ko ka san?" na wayarsu?

Akwai da yawa irinsu da ba a rubuta ba, suna bakin tsofaffin gidajenku: dalilin sunan unguwarku, inda kakanku ya taso kafin ya zauna nan, abin da aka ci a shekarar yunwa, ranar da jirgin ƙasa ko rediyo ya fara isowa garinku. A cikin makon nan ku sami kaka ko wani dattijo, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku zauna ku tambaya. Ku rubuta abin da ya faɗa, da sunansa, da ranar, ku kuma tambaye shi cikin ladabi ko da idonsa ya gani, ko wa ya ba shi labari.